Taku Arba'in da Bakwai Daga Maɗaci

Jiya ina kakkaɓe gafakar kakana, wani ɗan tsingaro ya faɗo a kan tabarma. Guntun bakin tulu ne, bai kai tafin hannu ba, da jar ƙasa a maƙale a gefensa. Na ɗauka na shinshina, sai ga ni a bakin magudanar ruwan ƙauyenmu ina ɗan shekara goma sha ɗaya. Bari in ba ka labarin yadda ya shiga gafakar.

Ƙauyenmu yana bayan Lugbe. A lokacin, in ka hau bas daga cikin gari, kwandasta zai sauke ka a wata ƴar kwana inda mata ke gasa masara, daga nan sai ƙafa. Hanyar ta bi ta cikin kurmi, ƙarƙashin ɗorawa da kaɗanya da maje, tana rakiyar wata magudana da kakana da Gwarawa maƙwabtanmu suka haƙa daga rafi zuwa lambuna. Kowace bazara ana gayyar yashe ta. Da damina ruwan kan yi ja, gora ta sunkuyo har ta taɓa kanka. Da kaka kuwa sai ya kwanta garau, Fulani su kawo shanu mashaya a can ƙasa, mu yara mu bi sama muna tsintar ɗinya.

Kakana ne mai hanyar, ko da yake ba wanda ya naɗa shi. Shi ke sare reshen da ya tare ta, shi ke gyara itacen tsallakawa. In baƙo ya tambaye shi hanya ba ya nunawa da hannu. Sai ya ɗauki sandarsa ya kai mutum har inda za shi.

Bayan sojoji sun koma bariki, gari ya cika da gine-gine da sababbin motoci, sai muka fara ganin ma'aikata ran Asabar. Sukan sauko daga bas da takalman roba da gorunan ruwa, su ce sun zo miƙe ƙafa. Mahaifiyata ta yi ta dariya, wai mutum ya biya mota don ya zo ya yi tafiyar ƙasa. A cikinsu akwai wani ɗan arewa mai aiki a wata ma'aikata, fari, mai sanyin murya. Sauran sukan ce masa oga. Shi kuwa in ya ga kakana har ƙasa yake durƙusawa.

"Baba, an tashi lafiya? Yau ma ɗalibinka ya zo."

"Ɗalibin da ba ya zuwa sai Asabar? Tashi, ɗana, kada ka ɓata wando."

Ya yi damina biyu yana zuwa. Ya ci tuwon gidanmu, ya yi alwala a magudana, ya bi kakana sallar azahar a kan buzu ɗaya. Komai sai ya tambaya: sunan kowace bishiya, inda ruwa ke kwanciya, inda ƙasa ke zaftarewa.

Wata Asabar cikin tsakiyar damina, fadama duk ta cika, kakana ya ratse da shi daga hanya zuwa wani tudu a bayan babban maɗaci. Nan maƙabartarmu take. Mu ba ma kafa allo ko siminti a kan kabari. Tsohon tulu ake fasawa a jera a kai, shekaru su bi ta kansa, ciyawa ta rufe. Wanda bai sani ba zai ɗauka fili ne kawai. Shi ya sa kakana yake da takarda da ya rubuta da ajami: wane yana taku kaza daga maɗaci, wance tana taku kaza gabas da shi. Kakata, matarsa, tana taku arba'in da bakwai.

"Duba ƙafarka," in ji kakana. "Ka ga laka?"

"Babu, Baba."

"Tun zamanin ubana ruwa bai taɓa hawa tudun nan ba. Duk yankin nan ba wuri irinsa. Shi ya sa muka ba wa mamatanmu."

Baƙon ya ɗaga hannu ya yi wa kakata Fatiha, na ga idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya ce gari yana tahowa, gara a rubuta wurin a ofis tun da wuri don kada a taɓa shi. Ya roƙi a kwafa masa takardar, ya ce shi ya bar allo tun yana ƙarami, amma zai sami mai karanta masa. Kakana ya ji daɗi ƙwarai. Da yamma ya zaunar da ni, ya ba ni alƙalamin kara da tawada, na kwafe takardar baƙi bayan baƙi, har da layin ƙarshe da ya ce ruwa ba ya hawa. Ni na miƙa wa baƙon da hannuna biyu, ya shafa kaina ya ce Allah ya yi albarka.

Daga nan Asabar ta riƙa zuwa babu shi. Da rani ya shigo sai ga ƴan safiyo, masu awon fili, da ƙarafunansu suna kafa duwatsu. Kakana ya ce mu kwantar da hankali, ɗansa na Asabar ne ya turo a killace maƙabarta. Har ruwan sha ya sa na kai musu.

Katafila ta zo ran Juma'a, maza duk suna masallaci a Lugbe. Da muka dawo, maɗacin yana kwance saiwarsa a sama, tudun ya zama jan fili sumul. Mahaifiyata tana tsaye a bakin magudana ta rufe baki da mayafi. Can gefe akwai wata baƙar mota. Kakana ya nufe ta, ni ina bayansa. Gilashi ya sauka rabi, sai ga baƙon nan na Asabar a ciki.

"Baba, wallahi abin ya fi ƙarfina. Daga sama ne."

"Ɗana, a nan ka tsaya ka yi mata Fatiha."

"Na sani, Baba. Za a duba, in sha Allahu."

Gilashin ya hau. Kakana ya taka cikin jar ƙasar, ya fara ƙirga taku daga ramin maɗacin, ya kai wajen ashirin ya tsaya, don ƙasar da aka turo ta fi shi tsawo. Ya sunkuya ya tsinci wannan tsingaron, daga baya ya adana shi a gafakarsa. Ko na kabarin kakata ne ko na wani, Allah kaɗai ya sani.

Ba a yi shekara ba muka ji wanda ya gina babban gidan da ke kan tudun. Shi ne, baƙon nan. Ban taɓa jin kakana ya zage shi ba. Amma daga ranar, in baƙo ya tambaye shi hanya, sai ya dube shi ya ce, "Ban sani ba." Mutumin da ban taɓa ji ya yi ƙarya ba. Wannan ya fi faɗuwar maɗacin yi mini ciwo, kuma har ya rasu bai sake ɗaukar sandar rakiya ba.

Yanzu ina koyar da yara karatu a Nyanya. Duk shekara, kafin azumi, nakan hau bas in sauka a kwanar nan. Kurmin ya zama rukunin gidaje, magudanar ta zama lambatun siminti cike da leda. In an yi ruwa mai yawa gidajen ƙasa sukan cika har taga, na kan tudu kuwa ko ƙofarsa ba ta jiƙewa. Gaskiya kakana ya faɗa wa baƙon, kuma ni na rubuta.

Bara maigadin geti ya tare ni, wani saurayi mai ladabi.

"Malam, wurin wa ka zo?"

"Wurin kakata."

"Gida lamba nawa?"

Na ce masa taku arba'in da bakwai daga maɗaci. Ya waiga ya duba, ya ce shi tun da ya kama aiki bai ga wata bishiya a ciki ba. Na ce haka ne. Na koma jikin katanga daga waje, na ɗaga hannu na karanta mata abin da ya sawwaƙa, sannan na tsallaka titi na jira bas.