Sunan da Inna Ta Faɗa wa Turmi

A shekarata ta biyu a jami'a a Kalgo na kamu da ciwon ɗaukar ƙara. Ba waƙa ba, ƙara zalla. Wata manhaja na sauke a waya, wadda za ka naɗi sauti da ita, ka yanka shi gunduwa-gunduwa, ka ja shi ya yi tsawo, ka juya shi ya koma da baya, ka ɗora wani a kan wani, har kai da ka ɗauka ka kasa gane abin da ka ɗauka. Na naɗi ƙofar banɗakinmu mai kuka kamar akuya. Na naɗi zabi, na naɗi guga tana bugun bangon rijiya, na naɗi ɗan kabu-kabu yana fama da babur ɗin da ya ƙi tashi. Kukan zabo idan aka ja shi sau takwas aka saukar da muryarsa, wallahi sai tsigar jikinka ta tashi. 'Yan ɗakinmu suka ce abin da nake haɗawa ba shi da maraba da injin niƙa da ya haɗiyi ƙusa. Ni kuwa ko a jikina, don na samu wani guruf a intanet na mutanen ƙasashe daban-daban masu irin wannan taɓin, muna tura wa juna shirme muna yaba wa juna.

Kafin in faɗi abin da na aikata, sai na faɗi yadda Inna take da babban yayanmu. Shi ne ɗanta na fari, kuma a gidajenmu na Gwandu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. Ana yaye shi gwaggonmu ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Inna ba ta kallonsa ido da ido, ba ta zama su yi hira. Idan ya durƙusa ya gaishe ta, amsa ɗaya take yi ta kau da kai. Idan tana son a ba shi abinci sai ta ce, "Ku kai ma wancan." Akwai wani mai kawo mana itace da ke da irin sunansa, shekara da shekaru "mai itace" kawai take ce masa. Ni kuma auta ce, a cinyarta na girma, sunana har gundurata yake yi a bakinta. A haka na taso na gan su, ban taɓa tambayar kaina yadda abin yake a zuciyarta ba. A lokacin da abin nan ya faru yayanmu yana aiki a Kudu, ya kusa shekara biyu bai zo gida ba.

Wata rana wani a guruf ya ce duk abin da nake turawa ƙarfe ne da iska, in nemo sauti mai nauyi, na itace. Nan take na tuna da turmin Inna. Ita ba ta yarda da furar inji ba, ta ce warin ƙarfe take yi, don haka kullum da hantsi take jawo turmi gindin darbejiya ta daka geronta da kanta. Ranar Juma'a na hau mota na tafi gida. Asabar da hantsi na kunna manhajar, na tura wayar ƙarƙashin wani kwando da ke kife kusa da turmin, na ce mata zan leƙa maƙwabta. Na fita ne don kada takuna ko tarina ya ɓata min aiki. Ban gaya mata ba, domin na san idan ta sani za ta yi dakan a-gani-a-yaba, ni kuwa na gaskiya nake so. Wannan dalilin na ba kaina, har ina jin ni gwana ce. Da na dawo na zare wayata, na taya ta kwashe garin.

Sai da na koma Kalgo ranar Lahadi da yamma na kwanta a gadona, na toshe kunnuwana da iyafis, na saurara. Abin ya yi kyau fiye da yadda na zata. Taɓarya tana sauka da nauyi, ana jin gero yana lafawa, kaji suna ƙorafi daga nesa. Can wajen minti na goma sai dakan ya sassauta. Sai na ji muryar Inna, ƙasa-ƙasa, ta faɗi sunan yayanmu. Ba "wancan" ba, sunansa na yanka, cikakke. Taɓarya ta sauka, Inna ta sake faɗinsa. Ta sake sauka, Inna ta ƙara faɗa. Sau uku. Sannan ta ce, kamar yana tsugune a gabanta, "Ka ci abinci kuwa? Na san ka rame." Daga nan ta koma daka da ƙarfi.

Na yi kuka, wannan gaskiya ne, kuma ina son a lissafa min shi. Amma tun hawayen ba su bushe ba na mayar da wurin baya na sake saurare, kuma abin da kunnena ya cafke shi ne sunan yana faɗawa daidai tsakanin bugu biyu, ba gaba ba baya. Ko da gangan aka tsara shi sai haka. Ina sane sarai cewa na ji abin da ba nawa ba. Na san abin da ya kamata 'yar kirki ta yi shi ne ta goge ta kama bakinta har abada. Sai yatsana ya tafi kan almakashin manhajar, na yanko sunan.

Kwana huɗu na yi a kansa, har na ƙi shiga aji sau biyu. Na saukar da muryar taɓarya ta koma kamar tsawa daga nesa. Na shimfiɗa ƙarar guga a ƙarƙashi, na watsa kukan zabon nan a sama. Sunan kuwa ban taɓa shi ba, amsa-kuwwa kaɗan kawai na sa masa, na bar shi fes a tsakiyar hayaniyar. Ita sau uku ta faɗa. Ni na mayar da shi wajen sau arba'in, yana tafiya yana dawowa har ƙarshe. 'Yan guruf suka yi ta yabo, wani ya ce bai taɓa jin irinsa ba. Wata ta tambaye ni ma'anar kalmar da ake maimaitawa, na ce mata sunan mutum ne kawai.

Daga nan na tura wa yayanmu, na ce wa kaina kyauta ce na yi masa. Ƙarya nake yi, so nake wani da ya san nauyin abin ya ji irin aikin da na yi. Kwana biyu bai ce min komai ba. Matarsa ce ta ji a wayarsa, abin ya taɓa ta, ta ɗora shi a guruf ɗin dangi da hotunan fuska mai hawaye. Kafin in gani kowa ya sauke. Abin da na riƙe kawai shi ne Inna ƙaramar waya gare ta mai maɓallai, ba ta cikin kowane guruf. Na yi ta addu'a abin ya mutu a nan.

Mako biyu bayan haka aka yi suna a Dodoru, 'yar kawunmu ce ta haihu, muka tafi ni da Inna. Da azahar mata sun cika tsakar gida a kan tabarmi, 'yan mata suna kunna waƙoƙi da wata ƙaramar sifika. A cikin taron akwai taubashiyar Inna, wato abokiyar wasanta ta dangi, wadda al'ada ta ba ta damar tsokanarta ko a gaban wa. Ita ce ta karɓi sifikar ta ce, "Ku yi shiru ku ji, 'yar boko ta yi muna waƙa." Tun kafin ta danna na san abin da za ta kunna.

Hayaniyar ta fara. Tsofaffi suka yi ta dariya, wata ta ce, "Wanga mi na? Aljannu ka faɗa?" Sai muryar Inna ta fito, fes, yadda na bar ta. Sai wata ta rangaɗa guɗa, wurin ya kaure. Taubashiyar tana tafa hannu tana cewa, "Ashe kin san sunan nai! Shekara talatin da ɗori kina muna fulako, ashe turmi kika ba amana!" Babu wadda ta yi don mugunta, na sani, wasu ma idonsu ya kawo ruwa. Inna ta yi ɗan murmushi, ta ja mayafi ta rufe bakinta. Da sau uku ne da tuni ya wuce, an yi dariya an manta. Amma sunan ya ci gaba da dawowa, yana dawowa, kuma duk gidan ni kaɗai na san saura minti biyu cur. Na zauna kamar an dasa ni, na kasa tsallake tabarmi uku in kashe. Wata tsohuwa ce ta ce, "Haba, ku kashe abin ga hakanan." Inna ta dube ni sau ɗaya. Ta miƙe ta ce kanta na ciwo, muka fito ba mu ci abincin suna ba.

Ba ta yi min faɗa ba. Da ta zage ni ko ta mare ni da na ji sauƙi. Washegari ta ƙulla min fura da ƙuli-ƙuli kamar kullum, ta ce Allah ya kiyaye hanya. Ina tasha ina jiran mota ta cika sai ga kiran yayanmu. Muryarsa ta sauya, kamar mai mura. Ya ce, "Auta, turo man na asalin, wanda ba ki sa mishi hayaniya ba." Ya ce tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, kuma kullum sai ya saurara kafin ya fita aiki. Na tura masa nan take. Da wannan maganar tasa na yi ta lallashin kaina har ƙarshen zango, ina cewa ai ko ba komai wani ya amfana.

Da aka yi hutu na dawo gida na tarar da turmin a kife bayan madafa, kaji sun yi kashi a kansa. Furar da aka ba ni ta inji ce. Na kuma lura duk lokacin da na shigo inda take, hannuna take fara duba kafin fuskata, idan ta ga waya sai ta taƙaita magana. Kwana uku na yi ina neman baki. A na huɗu na same ta tana tsince shinkafa a faifai, na durƙusa na ce, "Inna, ki yafe min. Na yi miki ba daidai ba."

Ta gyara faifan a cinyarta. Sannan ta ce, "Na yahe miki tun a mota. Ba dariyar mata ta dame ni ba, ɗiyata, sun yi tasu sun wuce." Ta ture wata 'yar tsakuwa gefe. "Tun shina goye, wurin turmi kaɗai nika kiran shi, don taɓarya na ruhe man murya. In na kira shi sai in ji na gane shi ranar. Yanzu in na ɗauki taɓarya sai in ji kamar ana saurare, bakina ya ƙi buɗewa. Na gwada, na gwada. To mi za ni yi da daka?"

Na yi zaton mutunci na zubar mata a gaban mutane, kuma a kan wannan na zo neman gafara. Ashe abin da na ƙwace mata ya fi haka: hanya ɗaya tak da take ganin ɗanta, shi kuma yana can Kudu.

Ta ce, "Abu guda nika roƙon ki. Ki goge shi daga wayarki, duka." Na ce na goge. Ta ce, "Ki rantse." Na rantse. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Wanda na haɗa da hayaniya na goge shi da gaske, kuma tun daga nan ban sake naɗar muryar mutum ba sai na tambaye shi. Amma na asalin yana nan. Sau da yawa na ɗora yatsa a kansa na kasa dannawa. An kusa shekara uku ke nan, yayanmu ya zo gida sau biyu ya koma, ta amsa gaisuwarsa ta kau da kai kamar da, turmin kuma bai tashi ba. Yanzu wuri ɗaya ya rage da Inna take kiran ɗanta da sunansa, wato cikin wannan sautin da na rantse mata na goge.