Ranar da Muka Ɗura wa Inji Burodi

Motar kawuna ta girme ni da shekara biyu, haka yake faɗa, kuma ba ya son a yi masa musu. Ƙirar Faransa ce mai dogon baya, irin wadda ake jigilar fasinja da ita a da. Fara ce a asali, amma rana ta gasa ta har ta koma kalar kunun gyaɗa. Da ita ya ci da iyalinsa, kullum yana kai mutane Gadaka yana dawo da wasu Potiskum, har idonsa ya fara rauni ya haƙura da tuƙi. Sai ya kafe ta a ƙofar gidansa a Yerimaram, kaji suka samu inuwa.

Shekarar da aka dawo da ni koyarwa gida, na je gaishe shi wata Juma'a. Muna cikin hira ya laluba aljihu ya miƙo mini makulli.

"Ungo," ya ce. "Amma injin ya buga, kada gobe ka ce ban faɗa maka ba."

Ni malamin kimiyya ne a sakandare, abin da na sani game da mota bai wuce inda ake zuba mai ba. Saboda haka aka ja ta zuwa unguwar Dogo Tebo, garejin wani tsohon abokin Kawu. Bafulatani ne dogo, mai furfura a gemu, Kawu kuwa Babarbare, don haka ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da ɗaya ya kira ɗaya bawansa ba. Maigareji ya buɗe bonet, ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce wannan inji sai dai addu'a. Bayan mako uku ya samo mana wani na Beljiyom, wanda aka ciro daga wata mota ƙanwar tamu. Ya ce zai zauna daram.

Ranar Asabar da safe aka sa za a haɗa. Kawu ya iso a keke Napep tun kafin ni, ya samu benci a gindin maina, wato dogonyaro, ya zauna da carbinsa. A reshen mainar nan aka rataya injin da sarƙa. Maigareji yana sassauto da shi a hankali, ni kuma aikina in riƙe in tura idan ya ce tura.

Injin ya sauka, ya fuskanci giyabos, wato akwatin giya, muka tura. Ya tafi, ya tafi, sai ya tsaya cak. Saura kamar faɗin yatsu biyu su haɗe. Muka jijjiga, muka ɗan ɗaga, muka ɗan sauke, Maigareji ya juya injin da sifana, muka sake turawa. Ko motsi. Gumi ya jiƙe mini riga sharkaf.

"Baba," na ce wa Maigareji, "me zai hana mu sa notuna mu ɗaure? Ai da kansu za su jawo shi."

"A'a!" Shi da Kawu suka faɗa tare. Ban taɓa jin bakinsu ya zo ɗaya ba sai ranar.

"Ka ji ɗan boko," in ji Kawu. "So kake ka fasa giyabos ɗin da ya yi shekara da shekaru bai ce uffan ba?" Sai ya juya wajen abokinsa. "Kai kuma, bawana, ka duba boris ɗin cikin karanshaf kafin ka ɗora kuloci?"

 Maigareji ya cire hula, ya sosa ƙeya, ya mayar.

"Da ma zan duba," ya ce.

"Yaushe? Bayan Sallah?"

A nan ne aka yi mini bayani. A bayan inji, daidai tsakiyar ƙarfen da ke juyawa, akwai wani ɗan rami. A cikinsa ake dasa wani ɗan ƙaramin boris, bai fi murfin kwalba girma ba. Sandar ƙarfen da ta fito daga giyabos, kanta a cikin boris ɗin nan yake shiga ya kwanta. To, sabon injinmu ya zo da nasa boris, amma bakinsa ya yi wa sandar tsohuwar motarmu kaɗan. Duk turin da muka sha tun safe, ƙofar da ba tamu ba muke bugawa.

Aka sake ɗaga injin sama, aka kwance kuloci. Ga ɗan abin can ciki ya lafe, ba wurin da za a kama shi. Maigareji ya ce yana da ƙarfen da ake ciro irinsa, amma wani ya ara tun bara. Ya tsaya yana kallon ramin, can sai ya dube ni.

"Malam, jeka bakin titi ka sayo burodi. Mai laushi, na yau."

Na ɗauka yunwa ce ta kama dattawa, don haka na haɗo da ƙosai mai zafi. Maigareji ya karɓi burodin, ya yage ɓawon, ya ƙwaƙulo tsokar ciki, ya shiga cusa ta a ramin boris da babban yatsa. Na dubi Kawu ko zai ce wani abu. Kawu ya riga ya buɗe ledar ƙosai.

Da ramin ya cika, Maigareji ya nemo wani ƙarfe mai daidai da bakin boris, ya ɗora a kan burodin, ya buga da guduma. Ƙarfen ya nutse. Ya zare, ya ƙara cusa burodi, ya sake bugawa. A karo na huɗu na ga gefen boris ɗin ya leƙo. Burodin da ba shi da wurin zuwa ne yake taruwa a bayansa yana turo shi waje. Kafin rabin burodin ya ƙare, sai ga shi ya faɗo tafin hannun Maigareji, ya yi dumu-dumu. Na yi ta dariya har da riƙe ciki. Shekara nawa ina zana wa ɗalibai yadda matsi ke tura abu a kan allo, ban taɓa kawo burodi aji ba.

Neman madadinsa ya ci mini yammacin ranar. Ana bukatar wanda cikinsa zai karɓi sandar tsohuwar mota, bayansa kuma ya cika ramin sabon inji. Maigareji ya ba ni boris ɗin da muka ciro da wata tsohuwar sandar giya da yake ajiye da ita don gwaji. Shago uku na shiga ana ce mini irin wannan ya ƙare tun zamanin soja. A na huɗu na tarar da wani dattijo Ibo mai sayar da kayan mota, wanda aka ce a garin nan ya yi aure ya aurar da 'ya'ya. Ya juya abin a hannu, ya ce da Hausar da ta fi tawa gishiri, "Wannan ai motar mutanen kirki ce." Ya shiga can ƙurya ya fito da wani gwangwanin madara mai tsatsa, ya zazzage a kan tebur. Muka yi ta gwadawa ɗaya bayan ɗaya, har ɗaya ya zura a kan sandar sumul.

Na koma gareji da murna, na ce a buga. Maigareji ya ɗora shi a bakin ramin ya ce a'a, ya cika matsewa, in aka yi masa ƙarfi zai lalace. A kai shi ya kwana a firiza, sanyi ya tsuke shi.

Firizar gidanmu ta uwargida ce, a ciki take sanyaya zoɓo da kunun aya na sayarwa. Da na zo mata da maganar, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ƙarfen mota? A cikin zoɓona?"

"Sabo ne fa, ko taɓa inji bai yi ba."

"In wani ya ce ya ji warin gareji a kununa, kai za ka shanye sauran."

Leda uku ta sa na naɗe shi, sannan ta yarda.

Washegari da hantsi na saka shi a kular abinci da ƙanƙara, na tare keke, na ce wa direban ya yi sauri. Ya dubi kular da na rungume ya tambaya ko asibiti za mu. Na ce gareji.

Maigareji ya riga ya wanke ramin tas, ya shafa ɗan giris kaɗan, don ya ce in ya yi yawa zai tsallaka ya ɓata kuloci. Ya karɓi boris ɗin yana hura yatsu saboda sanyi, ya juya fuskar boris ɗin mai rufi ta kalli wajen giyabos, ya ɗora soket, ƙarfen kwance notuna, daidai gefensa, ya fara ƙwanƙwasawa a hankali. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Sai ƙarar ta canja, ta yi nauyi.

"Tsaya, ya zauna," in ji Kawu daga kan benci.

"Na ji ni ma. Kunnena ba a kasuwa na saya ba."

Ya mayar da kuloci, ya zura tsohuwar sandar nan ya daidaita tsakiya kafin ya ɗaure. Muka sauke injin. Na gyara tsayuwa, na tattara ƙarfina, ya ce tura, na tura. Saura kaɗan in kifa cikin mota, don injin ya shige ya manne da giyabos kamar da ma jiran juna suke.

Sauran haɗe-haɗen wayoyi da salansa suka ci kwana biyu. Ranar Laraba bayan an tashi daga makaranta motar ta tashi a bugu na biyu, ta yi tari, ta fesa hayaƙi, sannan ta daidaita. Kawu ya ce ba gwajin da zai yarda da shi sai an je Gadaka.

Muka kama hanya, ni a sitiyari, shi a gefena, Maigareji a baya ya miƙe ƙafafu. Giya tana shiga lafiya lau. Duk ƙauyen da muka wuce sai Kawu ya sa in rage gudu, ya leƙa yana ɗaga hannu, tsofaffi a bakin hanya suna miƙewa suna nuna motar. A Gadaka wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta zo ta dafa bonet, ta ce a wannan mota aka kai ta asibiti haihuwar ɗanta na fari, yanzu shi ma yana da 'ya'ya biyar. Ta cika mana leda ta ce mu ci a hanya.

A dawowa ne muka gano hon ba ya aiki, daidai lokacin da garken shanu ya tare hanya. Kawu ya ce wa Maigareji ya sauka ya yi wa 'yan'uwansa magana. Ya sauka kuwa, ya yi musu kira irin nasu, suka dare biyu muka wuce.