Gayaunar Gindin Gawo

Kwanakin baya a kasuwar dabbobi na ga wani yana auna 'ya'yan gawo a tiya, yana sayar wa masu kiwon ragunan layya. Na ɗauki ɗaya na murza, ƙamshin nan mai ɗan zaƙi ya bugi hancina, sai wani tsohon haushi ya motsa mini a ƙirji. In ba ka taɓa jin wanda ya yi kishin ɗan'uwansa a kan itace ba, yau ga ni.

Ƙauyenmu yana gefen Sandamu. A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, lokacin da manya ba su da hira a ƙofar masallaci sai ta alƙalai da zakka da rabon gado, kakanmu ya ce ni da ɗan baffana mun isa riƙe gayauna, ɗan yankin da yaro ke noma wa kansa in an tashi daga gonar gandu. Sa'o'in juna ne mu, sai dai shi maraya ne, baffana ya rasu tun yana goye. Ni kuwa na ɗauka ni ne ɗan gaban goshin tsohon. Ni nake cika masa buta, ni yake tsokana wai ina neman ƙwace masa mata.

Ya kai mu gona ya nuna da sandarsa. Ni ya ba ni fili fetal, babu ko kututture. Ɗan'uwana ya samu gefen da manyan gawo uku suke tsaye. Har dariyar mugunta na yi a ciki, don kowa ya san gero ba ya son inuwa.

Ashe ban san halin gawo ba. Da rani, sa'ad da sauran itatuwa suka kaɗe, shi yake yin kore shar. Bayan girbi makiyaya suka sauka gonarmu kamar yadda suka saba, tsoho ya ba su dammunan gero, su kuma su bar mana taki. Shanun ba su da wurin hutu sai gindin gawo. Nan suke tsintar 'ya'yansa, nan suke kwanciya suna tuƙa, nan suke kashi. Balbelu na bin ƙafafunsu suna cafke fara, buzuzu na mirgina kashin yana binnewa cikin ƙasa, ƙudan zuma na ta ɗumi a furen, har tsoho ya ɗaura amya a reshe. Ni fa? Da safe shanun su zo su cinye karan gayaunata, da rana su tafi su sauke nauyinsu a ta ɗan'uwana. Nakan tsaya daga nesa ina kallo kamar in yi kuka.

Da ruwa ya sauka sai gawon ya zubar da ganyensa kaf, ya bar wa gero rana, ganyen kuma ya ruɓe a kunya. Geron ɗan'uwana ya tashi baƙi ƙirin don ƙoshi, ya shanye tsawon babba. Nawa ya tsaya ja-ja, siriri. Ban fi shi ƙiwa ba, amma kowa ya wuce shi yake sa wa albarka.

Na daina cika butar. Da tsoho ya gaji da kumburina ya kira ni.

"Kai, mai neman matata, wa ya taɓa ka?"

"Ka fi son sa," na ce, ban ɗago kai ba.

Ya jingine sandarsa. Sannan ya ce, "Kana da uba. Ran da na kwanta dama ubanka zai gaje ni, kai kuma ka gaje shi. Shi ubansa ya riga ni tafiya, ba shi da ko taku ɗaya a rabon. Abin da na ba shi da raina shi ne nasa. Ba shi da mai saya masa taki, gawo da shanu su za su riƙe shi."

Na gane, amma ganewa daban, hucewa daban.

Yau tsoho ya daɗe a ƙasa. Da aka raba gandu, iyayenmu suka sayar wa masu itacen girki gawon da ya faɗo a rabonsu. Shanu suka daina tsayawa, balbelu suka bi su, ƙasar ta koma rairayi, ba ta ba da komai sai an ɗura mata takin zamani. Nawa kason na ba da aro na taho birni. Ɗan'uwana bai bari an sa wa nasa gatari ba, kuma in ji mutanen gida, a duk yankin gonarsa kaɗai makiyaya ke sauka har yanzu.

Kowace shekara yana aiko mini da buhun gero da kwalbar zuma, yana cewa in zo in ga gonar. Ina ci, ina godiya, ina yi masa addu'a da zuciya ɗaya. Amma in na je gida, ta bayan gari nake zagayawa, don kada in bi ta gonar.