Shahon Baba Ilu

Ranar da aka koma lakol, wato makarantar boko, a watan Oktoba na shekarar 2011, ni ina tsaye a kan wani ɗan gadon itace da aka ɗaga bisa ginshiƙai a tsakiyar gonar dawarmu, da igiya a hannuna. Igiyar ta ratsa gonar daga wannan kusurwa zuwa waccan, an rataya mata gwangwanayen tumatir da aka zuba wa tsakuwa. In na fizge ta sai su ɗauki kwaramniya, tsuntsayen jan-baki su tashi kamar hayaƙi, su yi ɗan kewaye su sake sauka ta bayana. Kafin hantsi ya ɗaga muryata ta dishe. A nan na jiyo an buga ƙarfen tayar motar da ke rataye a jikin bishiyar dogon yaro ta lakol ɗinmu, can ƙetaren fadama. Na san ƙawayena suna cikin layi, an shafe musu ƙafafu da mai, kowace da allonta a hammata. Na saki igiyar, na zauna na yi kuka mai isata, tsuntsayen kuma suka yi ta cin rabonsu, ko kunyar idona ba su ji ba. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin.

Kada wani ya ɗauka mahaifina maƙiyin boko ne. Shi da kansa ya kama hannuna ya kai ni aji tun ina ƙarama, har maƙwabta suna yi masa tsegumi. Amma damina ta yi mana rowa a shekarar. Geron da muka noma a tudu, yamma da garinmu Gangara, bai cika rabin rumbu ba, idon gidan gaba ɗaya ya koma kan dawar fadama, wadda ba ta nuna sai bayan kowa ya gama girbi. Yayana da ya saba tsaronta ya tafi koyon kanikanci a Maradi, ƙannena ba su kai ƙarfin jan igiya ba, manya kuwa suna can suna fama da cirar gyaɗa da roron wake. Ni na rage. Ga shi kuma ajin da zan shiga ya cika ya batse, mushe, wato malaminmu, ya aiko gida-gida cewa duk wanda bai bayyana ba kafin ƙarshen wata za a ba wani mazauninsa. Dawa ba za ta isa yanka ba sai wata ya wuce. Na san lissafin, mahaifina ma ya sani. Da na yi masa magana sai ya kawar da kai ya ce, "Zuwaira, in tsuntsu ya cinye dawar ga, mi za ki ci ki tahi lakol ɗin?" Na kama hanyar fadama, ina jin haushin gaskiyar maganar fiye da haushinsa.

A gidanmu akwai ƙanen mahaifina, Baba Ilu, wanda ya dawo daga Libiya a shekarar, lokacin da yaƙi ya sa mutanenmu suka yi ta kwararowa gida. Wasu sun dawo da barguna, wasu da talabijin, wasu da ransu kawai. Shi kuwa ya sauko daga mota da wani dogon kwali da ya hana kowa taɓawa. Aka taru a tsakar gida ana jiran a ga dukiya. Da ya buɗe sai ga jirgin sama na wasa, fari fat, an yi shi da soso mai tauri irin wanda ake tallafe sabon firiji da shi, fikafikansa in an haɗa su sun fi tabarmar salla tsawo. Wani Bature da ya yi wa aikin lambu ne ya bar masa shi ranar da zai gudu. Kakata ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ilu, hamada guda ka ƙetaro, ɗan tsuntsun soso ka ɗauko mini?" Daga ranar sunansa ya koma Ilu Mai Jirgi, kuma ba don girmamawa ake faɗa ba. Ya rataye jirgin a rufin ɗakinsa, ya rage shiga mutane.

Ni ke share masa ɗaki, ni kuma Allah ya yi ni da tambaya. Tun yana korata da "je ki, Zuwaira, kin cika surutu" har ya gaji ya fara amsawa. Ya nuna mini ɗan injin da ke hancin jirgin, wanda bai fi ƙwan zabo ba, da batir mai kama da sandar sabulu, da wani akwati mai 'yan sanduna biyu da yake kira komand, wanda da shi ake juya jirgin yana sama ba tare da igiya ko zare ba. Ban yarda ba. Na ce in gaskiya ne ya tashe shi in gani. Sai ya nuna mini farfelar, ta karye a hanya, ya ce ko a Maradi ba a sayar da irinta. Daga nan kullum in na shiga shara sai na tsaya ƙarƙashinsa na ɗaga kai, tsintsiya a hannu, har Inna ta ƙwala mini kira.

Zaman gadon gonar nan ya koya mini abu guda. Jan-baki ba sa tsoron gwangwani, ba sa tsoron majajjawa, ni kuwa sun mai da ni abokiyar wasa. Amma duk lokacin da inuwar shaho ta gifta, sai gonar ta yi tsit, sannan su kwashe gaba ɗaya su nufi itatuwan bakin fadama, su daɗe ba su dawo ba. Ran nan ina kallon haka sai wata dabara ta faɗo mini. Da yamma ko ƙafa ban wanke ba na faɗa ɗakin Baba Ilu na ce masa jirginsa shaho ne, baƙi kawai ya rasa. Ya dube ni, ya dubi rufin ɗaki, ya yi dariya, wadda tun dawowarsa ban ji ya yi irinta ba. "Wagga yarinya," ya ce, "kanki shina ja."

Farfela ya fara sassaƙawa, da guntun tsohon allon karatu na itacen aduwa. Ya yi ta farko ta tsage, ta biyu ta karkace. Ta uku yakan ɗora ta a kan tsinin ƙusa, in gefe ɗaya ya rinjaya sai ya miƙo mini in kankare da fasasshiyar kwalba, ya sake ɗorawa. Ni kuma na bi tukwanen gidan kaf na kankaro baƙin gindinsu, na kwaɓa da ƙaro, na shafe fikafikan da shi, na zana gashi-gashi a bakinsu da tsinke. Har idanu na yi masa, jajaye, da ragowar jan farcen Inna, abin da ya jawo mini ranƙwashi biyu masu kyau. Batir kuwa aka kai wa mai cajin waya na bakin kasuwa, mai sola a kan rumfa, wanda ya juya shi ya sake juyawa kafin ya yarda ya haɗa.

Da sassafe muka fito da shi, Baba Ilu riƙe da gangar jikin, ni da fikafikan a ka. Kajin gidanmu suna ganinmu suka watse ƙarƙashin rumbu, na ce a raina alama ta yi kyau. Mahaifina ya biyo mu daga nesa, hannuwa a baya, kamar wanda hanya ce kawai ta haɗa mu. A bakin gonar Baba Ilu ya ɗaura fikafikan, ya tofa bisimilla, ya tura sanda ɗaya. Farfelar aduwa ta yi wani kuka siriri, ya ɗaga jirgin bisa kansa ya jefa. Ya yi ƙasa har cikinsa ya shafi kan dawa, na rufe ido, da na buɗe sai ga shi yana hawa, baƙi ƙirin, yana karkata fiffike. Jan-baki suka tashi gaba ɗaya, gona ta yi wayam. Na yi ta tsalle ina ihu da disasshiyar muryata. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan safiya ba, kuma ba na jin zan sake.

Sai dai daɗin bai daɗe ba. Kafin mutum ya shanye kwaryar fura batir ya yi sanyi, Baba Ilu ya sauko da shi a kan yashi. Caji kuwa sai an yini. Rana ba ta take tsaka ba tsuntsaye suka dawo, da 'yan uwansu ma. Mahaifina ya dafa kafaɗar ƙanensa, abin da bai yi ba tun dawowarsa, ya ce, "Abu ya yi kyau ƙwarai, Ilu. Amma tsuntsu ba shi jiran caji." Ya juya ya tafi gonar gyaɗa. Na hau gadona na kama igiya. A ranar ko kukan ma ban iya ba, ga wata ya kusa ƙarewa.

Washegari tun daga nesa na ji hayaniya, na ɗauka shanu ne suka faɗa mana gona, na zuba da gudu. Mutane na tarar. Labari ya zaga ƙauyuka cewa Ilu ya tashi jirgi ba direba. Ga yaran da ba a sa lakol ba, ga 'yan Fulani da suka baro tumaki a hannun ƙannensu, ga matan da suka ajiye tulunansu a hanyar rijiya, ga tsofaffin da ƙarfin girbi ya ƙare musu, duk sun kewaye gonar suna jira. Surutunsu kaɗai ya hana ko tsuntsu ɗaya sauka. Baba Ilu ya iso ya tsaya kusa da ni, ya dubi taron, ya dubi dawar, na ga yana cizon leɓe don kada dariya ta kufce masa. Sai ya ɗaga murya ya ce jirgi ba ya tashi sai bayan la'asar, kuma ba ya tashi a gonar da tsuntsu ya yini yana ci. Wanda ya ja igiya shi zai ɗauko fiffike, wanda ya fi kowa kora shi zai jefa jirgin da hannunsa. Kafin ya rufe baki yara sun fara kokawa a kan majajjawata.

Gadon kuwa wani tsoho ne ya karɓe shi, Baba Na-Allah, wanda ciwon gwiwa ya zaunar da shi a gindin bangon masallaci shekara da shekaru. Samari biyu suka ɗaga shi suka ɗora. Ya gyara zama, ya naɗe igiyar a hannu ya ce, "Zama dai zama ne, ɗiyata. Can ƙuda ni ka kora, nan tsuntsu. Sauka ki ba ni wuri." Na sauka, amma ban tafi ba, don ba shi ne mai sallamata ba. Haka aka yini, aka tashi jirgi da la'asar, wani ɗan Fulani ya jefa shi. Kashegari taron ya fi na jiya. Da hantsi mahaifina ya zo, ya zaga gonar a hankali, yana kama kan dawa yana dubawa yana saki. Ya gaisa da Baba Na-Allah, suka yi 'yar magana da ban ji ba. Sannan ya zo inda nake, bai dube ni ba, ya ce, "Zuwaira, tahi ki wanke ƙafafunki." Ban tsaya wanke komai ba. Na ƙetare fadamar da gudu, na shiga aji da baƙin tukunya a farcena, na tarar wata yarinya ta ajiye jakarta a mazaunina, na ɗauke na miƙa mata.

Har aka yanke dawar nan ba a rasa masu tsaro ba. Ni kuma ana tashi daga lakol sai fadama, a can Baba Ilu ya fara ɗora yatsuna a kan sandunan komand, nasa a kan nawa, yana cewa in bi a hankali kamar mai zare ƙaya. Bayan girbi batir ɗin ya kumbura ya daina ɗaukar caji, shahon ya koma rufin ɗaki. Amma sunan Ilu Mai Jirgi ya sauya ɗanɗano a bakin mutane, har suka fara kawo masa rediyo da waya gyara, sana'ar da yake ci da ita a kasuwar Gangara har yau.

Yanzu ina koyar da kimiyya a wani kolej a Gazawa. Ni da ɗalibaina mun ƙera namu jirgin da soson firiji, ya fi na Baba Ilu girma, injinsa da batir wani ɗan kasuwa ya taho mana da su daga Kano, kuma 'yan matan ajin sun fi samarin nutsuwar hannu, ko da yake samarin ba za su yarda ba. Yaran yanzu sun ga jirage iri-iri a waya, amma ranar da muka fita fili da namu sai ka ga gari ya biyo mu da gudu kamar dā. Duk Oktoba in na ga gurbi a benci ba na jiran ƙarshen wata, nakan hau babur in bi gonaki in nemo mai shi. Wani lokaci in dace, wani lokaci in dawo ni kaɗai. Baba Na-Allah ya rasu ina aji na gaba, yaran nan kuma sun watsu, wasu Agadas, wasu Legas, 'yan Fulanin ban sake ganinsu ba. Nakan so a ce zan iya tara su wuri ɗaya ko sau ɗaya, in ba kowannensu komand ya riƙe. Da yawansu ko sunansu ban sani ba, kuma su suka kai ni aji.