Ranar da saba ta ƙone a takarda

Ranar da na fara shiga ɗakin saba, babbar kwamfutar da ke riƙe da duk bayanan kamfaninmu na jigilar kaya, da butar lantarki na shiga. Na ga soket ya cika, na zare waya ɗaya na sa tawa. Ruwa bai ko yi ɗumi ba aikin kowa ya tsaya cak, direbobi suka cika taga suna neman takardar lodi, ni kuwa ina riƙe da kofi ina tambayar ko wuta aka ɗauke. A haka mai kula da kwamfutocinmu ta same ni. Ta mayar da wayar, ta miƙo mini butata kamar mai miƙa wa baƙo takalminsa.

Kunna-mu-gani muke kiranta. Babanta mai gyaran rediyo ne, kuma an ce bai taɓa sallamar rediyo ba sai ya yi magana a gaban mai shi. Ita ce 'yar da ke riƙe masa tocila, da alama har taurin kan ta gada. Mijinta ya taɓa kawo mini kuka cewa duk tafiyar da za su yi sai ta sa ya sauke safayar taya ya gwada iska, 'ya'ya huɗu suna zaune a mota suna zufa. Na ba shi haƙuri, na ce shi taya ɗaya gare shi, mu kamfani guda take sauke mana.

Kullum na'ura tana ɗaukar kwafin saba gaba ɗayanta, ta nuna koriyar alama cewa komai lafiya. Mutum mai tawakkali zai ga kore ya gode wa Allah. Ita a'a. Ranar Laraba ta farko a kowane wata sai ta liƙa takarda a ƙofar ɗakin saba cewa ta ƙone, ta hana kowa taɓa ta don wannan aikin, ta ɗora kwafin a kan wata tsohuwar kwamfuta a ƙaramin ɗakin da ke kusa, ta zauna tana jiran ya tashi. Shekara tara yana tashi. Shekara tara ba ta yarda da shi ba.

Ƙaramin ɗakin nan yana da na'urar sanyi. Ni, jami'in mulki mai furfura, teburina yana ƙarƙashin matakala, kusa da banɗaki. Don kishin kamfani kawai, ba don komai ba, na nuna wa manaja cewa ana ɓarnar ɗaki a kan gobarar ƙarya. Ya yanke hukunci: idan kwafin ya tashi a wannan watan, an daina gwaji, ɗaki ya zama nawa. Har labule na auna.

Ranar Laraba ta liƙa takardarta da ƙarfe goma, manaja ya sa hannu, ni ma na sa a matsayin shaida. Muka tsaya a bayanta. Tsohuwar kwamfuta ta yi gurnani, rubutu ya fara gudu, ina murmushi ina tunanin inda zan ajiye kujera. Sai allo ya tsaya yana neman lambar sirrin da ke buɗe kwafin, wani dogon tarkacen haruffa arba'in da ba mai iya haddacewa. Ta ce in ɗauko mata ambulan da lambar ke ciki daga kabad ɗin ƙarfe, kamar kullum.

A nan na tuna. Mako uku da suka wuce na yi gagarumin aikin rage takardu. Duk abin da ke kabad ɗin na ɗauki hotonsa na adana a saba, na aika takardun bola, har manaja ya yaba mini a taron ma'aikata.

Da na faɗa, manaja ya tambaye ni a hankali ko yana fahimta daidai: makullin kwafin yana cikin abin da kwafin zai maye gurbinsa idan ya ƙone. Na ce a taƙaice haka ne, amma an tsara shi da kyau cikin jaka mai suna. Ya ce maganar ɗaki ta mutu, ya fita.

Na matsa kusa da ita, na sassauta murya.

"Haba Yaya, ai saba tana nan da ranta, kina jin ƙararta. Minti biyu kawai, in leƙa in kwafo miki."

Ko juyowa ba ta yi ba.

"Malam, saba ta ƙone tun ƙarfe goma, ga sa hannunka nan. In kana karanta toka, bismillah. In ba ka iyawa, je ka yi wa direbobi bayani da bakinka, tunda shi kaɗai ne bai taɓa ƙin tashi ba a gidan nan."