Ranar da Yaya Ta Shiga Gidanta Kafin a Gina Shi

Sana'ata zanen gidaje ce a kwamfuta. Mutum zai zo shagona a Ƙaraye ya faɗa min girman filinsa da irin ɗakunan da yake so, ni kuma in fitar masa da gidan a sikirin, da bango da rufi da tagogi, ya gan shi tun ba a kafa bulo ko ɗaya ba. Abin da ke ɗaukar nauyin wannan aiki a cikin kwamfuta shi ne katin hoto, wani faffaɗan allo mai fanka a jikinsa. Nawa tsoho ne, na hannu na saye shi tun ina koyon aiki. In zanen shago ne ko ciki da falo, ba ya ba ni kunya. Amma da na sa fenti da gilashi da hasken rana, sai fankarsa ta hau gurnani, hoton ya riƙa tsalle kamar mota a hanya mai ramuka.

Yayata tana sana'ar man gyaɗa da ƙuliƙuli a Rogo, kuma a hannunta na yi sakandare. Da Allah ya hore mata fili a Rogo Ruma, na ce zanen gidan nawa ne. Na zauna na yi shi da zuciya ɗaya. Ranar da ta zo gani, na nuna mata hoton gaban gidan, ta daɗe tana kallo.

"Ya yi kyau, Auta," ta ce. "Amma wannan ai daga waje ne. Ba a shiga?"

Na ce ana shiga. Na tura mu ta ƙofa, sai hoton ya maƙale, ya zabura, ya sake maƙalewa. Muna zaure, sai ga mu a banɗaki. Ta kau da kai ta ce jiri yake sa ta, in bari kawai. Ba ta yi ƙorafi ba, amma abin ya tsaya min a rai.

Ina da aboki mai gyaran kwamfuta, shagonsa na kallon nawa. Shi na roƙa, da ya shiga Kano sayen kaya, ya taho min da sabon kati. Da ya buɗe kwalin, sai ga ƙaton kati. Fanka uku gare shi, ga nauyi kamar bulo, da ƙyar ya shiga cikin akwatin kwamfutar. Muna kunnawa komai ya ɗauke. Na ce shi ke nan ta ƙone, shi kuwa dariya ya yi.

"Kwantar da hankalinka, malam. Ci gare shi. Abin da ke ba shi wuta ne ya yi masa kaɗan."

Ya canja shi da babba. Sai kuma inbatar solata ta fara kuka, nauyin ya fi ƙarfinta, dole muka aro janaretan telan da ke maƙwabtaka da ni. Sannan ne fankokin suka juya, shiru, ko motsinsu ba ka ji.

Abokina ya ce kada mu yarda da abin da aka rubuta a kwali, mu gwada da idonmu. Ya sa tsohon katin a tasa kwamfutar, ya kinkimo ta, muka jera su a teburi ɗaya. Muka buɗe gidan Yaya a kowacce, muka ba su aiki iri ɗaya: su fitar da hoton tsakar gida da hasken yamma. Ya ɗora yatsa, na ɗora nawa, muka danna tare.

Na juya in zuba mana ruwa a kofi. Kafin in miƙa masa nasa, ya taɓa ni ya nuna min sikirin. Sabon ya gama. Na ɗauka kuskure ne, na matsa kusa ina neman inda ya tsallake, ban samu ba. Ga inuwar katanga kwance a ƙasa, ga sararin sama a cikin gilashin taga. Tsohon kuwa yana can yana sassaƙo rufi layi-layi. Muka je sallar la'asar muka dawo, bai sauko kan ƙofofi ba. Da ya gama daga baya, hoton nasa bai bambanta da na sabon sosai ba, abokina ya shafa akwatin ya ce, "Dattijo bai yi ƙarya ba, tafiyar ce ba sauri."

Wajen shiga gida ne tazarar ta fito fili. Na kama maus na bi zaure, na ratsa tsakar gida, na leƙa ɗakuna, hoton na tafiya sumul kamar da ƙafata nake takawa. Na kasa zama a kujera. A tsaye na kira Yaya, na ce gobe ta bar tuya ta zo.

Da hantsi ta iso, mayafinta na ƙanshin gyaɗa. Bayan mun gaisa na zaunar da ita, na ɗora hannunta a kan maus, na nuna mata yadda ake gaba da juyawa. Ta tsaya a bakin ƙofar, sai na ji ta yi sallama a hankali, sannan ta shiga. Ni da abokina, da ya leƙo daga shagonsa, muka haɗa ido, ba wanda ya yi dariya.

Ta zaga ko'ina. Na ce bari ta ga wani abu, na jawo rana daga gabas zuwa yamma, inuwa ta riƙa tafiya a tsakar gidan. Ta riƙe min hannu.

"Tsaya nan. Ka ga inda ka sa min madafa? Da yamma rana za ta gasa ni, ga wutar tuya. A mai da ita ɗaya ɓangaren."

Da tsohon kati wannan aikin yini ne. A gabanta na ɗauke madafar na mayar, ta ga inuwa ta rufe ta. Daga nan fa ta samu hanya. A faɗaɗa zaure saboda buhunan gyaɗa. A ƙara taga. A sa fenti ruwan ƙwai, a'a, a dawo da fari. A dasa darbejiya a kusurwa. Ina yi tana gani nan take, tana tafa hannu tana cewa a ƙara gwada wani. Abokina ya raɗa min cewa ga illar sabon kati nan, yau ba ni da lokacin cin abinci.

Daga nan ta shiga ɗaki na ƙarshe. Shi ne wanda ta ce a ware wa Inna, mahaifiyarmu, da ke zaune a Turawa. Ta tsaya a tsakiyarsa tana juyawa sannu a hankali, ta ce a saukar da tagar ƙasa kaɗan, yadda Inna za ta ga tsakar gida daga kan gado. Na saukar. Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce haka ya yi.

Na haɗa zagayen gidan ya zama bidiyo, na tura mata a waya. Ranar Juma'a muka je Turawa tare, ta zauna kusa da Inna a tabarma ta kunna mata, tana nuna mata ɗakinta da yatsa. Inna ta kalla har ƙarshe, ta sa aka maimaita, ta yi ta sa albarka. Can ta ɗago ta tambaye mu wace yarinya ce ta share tsakar gidan nan tas haka.