Na Kai Surukina Gyaran Baya, Na Ƙi Fita Daga Ɗakin

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Ku yi mini uzuri, ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba, saboda mutanen da ke cikin labarin nan suna raye. A lokacin da abin ya faru ni mai sarin hatsi ne a Faskari. In shiga Daudawa da Tafoki in auno masara da dawa, in labta wa babur buhuna, in kawo kasuwa. Ƙarfi gare ni, amma bakina ya fi jikina ƙarfi. Ni ne irin mutumin nan da in ya sha magani sau ɗaya ya ji daɗi, to kafin la'asar ya zama likitan unguwa. Matata takan yi mini tsiya cewa ko akuya ta yi tari a gabana sai na rubuta mata abin da za ta sha.

Ɗaukar buhu da ramukan hanya suka haɗu suka kama mini baya da wuya. Ruku'u ya zama aiki, waiwaye kuwa sai na juya gaba ɗayana. Na sha jiƙe-jiƙe, na shafa man zafi har fatata ta saɓa. Ana nan wani abokin sana'a ya ba ni labarin wani mutum a Ƙanƙara da ya koyo gyaran ƙashin baya a birni. Ba maɗori ba ne irin namu na gado. Yana da wani dogon benci mai rami inda ake sa fuska, ga kuma ƙashin bayan mutum na roba rataye a bango. Ya yi mini 'yan tambayoyi, ya sa na tuɓe riga, ya bi gadon bayana da yatsu, sannan ya danna. Na ji ƙas! ƙas! Ya kama kaina ya murɗa, na sake jin ƙas! Wallahi na tashi sakayau. Gaskiyar magana bayan 'yan kwanaki ciwon kan dawo, in koma a sake dannawa, amma wannan ɓangaren ban cika faɗa wa mutane ba. Ƙarar nan ita ta tafi da hankalina, na ɗauka duk inda ta tashi cuta ce ta fita.

Surukina, mahaifin matata, manomi ne a Damari. Dattijo ne mai tsayi, marar yawan magana, ba abin da yake so a duniya kamar shanun huɗarsa. In ya kama garma yana bin su, samari ma ba sa cim masa. Tsakanina da shi kuwa kunya ce irin ta surukai, wadda duk ɗan ƙasar nan ya sani. Tun daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa. Bai taɓa cin abinci a gabana ba, bai taɓa kiran sunana ba, ko hularsa ban taɓa ganin ya cire ba. Da aka aiko wa matata cewa ciwon baya ya hana Baba fita gona ga damina ta kawo kai, sai na ji kamar an kira ni da suna. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, maganin wannan a tafin hannuna yake. Ta ce an gaya mata ya rame, yana kuma yawan zazzaɓi da gumi, ko dai asibiti ya kamata a fara zuwa. Na yi mata dariya, na ce asibiti ƙwaya kawai za su ba shi, ni kuwa inda ake mayar da ƙashi mazauninsa zan kai shi. A cikin zuciyata akwai abin da ban faɗa ba: ina so a ce a Damari mijin ɗiyarsa ne ya tashe shi.

Na samo mota muka ɗauko shi. Ƙaninsa ya yi niyyar rakiya, na ce ya zauna ya kula da shanu, ni na isa. Tun a hanya na lura yana jan ƙafar hagu, in mota ta faɗa rami yana runtse ido. Da muka isa, mai gyaran ya dubi Baba, ya dube ni, ya ce in ba damuwa in ɗan jira a waje. Na ce haba, ai ni ɗan gida ne a nan, bari in riƙe masa sanda. Na ja kujera na zauna daram a gabansu. Ina so in ji ƙarar da kunnena, in ga fuskar Baba lokacin da zai miƙe.

Mutumin ya fara tambayoyinsa, irin waɗanda ya yi mini. Ko ƙafafu suna sagewa, ko yana jin kamar tafiyar kiyashi a cinya, ko fitsari yana kufce masa ko bayan gida yana gagara. Na ga Baba ya ɗago ido ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da kai ƙasa, ya ce lafiya lau, baya ne kawai. Ni kuma na karɓe zancen, na ce ai gajiyar garma ce, irin tawa ce sak. Aka ce ya tuɓe riga a ga bayan. Ya ce a'a, a yi a haka. Mai gyaran ya so ya matsa, ni na ce masa ya yi haƙuri, dattijo ne, a bi shi yadda yake so. A kan babbar riga da 'yar ciki aka danna surukina. Ƙara ta tashi, na ce Alhamdu lillahi da ƙarfi. Baba bai yi ko nishi ba, sai gumi da ya wanke masa fuska, hannunsa riƙe da ƙafar benci. Da aka tambaye shi ya ya ji, ya ce da sauƙi, Allah shi yi albarka. Sai da muka tallafe shi ya kai mota, ni kuwa ina ta ce masa haka abin yake a ranar farko.

Ba a yi kwanaki ba aka kira mu cewa Baba ya tashi zai yi alwala ƙafafu sun ƙi ɗaukarsa. Da ni da matata da surukata da ƙaninsa muka kwashe shi zuwa babban asibiti. Abin da likita ya fara yi shi ne ya tambayi wane ne ni, da na faɗa ya ce in fita, ya bar ƙaninsa. Ina tsaye a baranda raina a ɓace, wai an raina ni. Bayan an ɗauki hoto aka kira mu. Likita ya ce tarin fuka ne ya shiga ƙashin baya ya ci wasu gaɓoɓi, har sun fara danne laka. Ya ɗaga rigar ya nuna mana wani ɗan tudu a gadon bayan, wanda duk mai ido zai gani in an tuɓe. Ya ce ba zai rantse cewa dannawar ce kaɗai ta kwantar da shi ba, cutar ta riga ta yi nisa, amma ƙashin da ya ruɓe haka ba a ɗora masa hannu, kuma da asibiti aka fara zuwa yana takawa, da akwai kyakkyawan zato magani ya tare ta.

A barandar nan surukata ta gaya wa matata abin da ya ƙarasa ni. Ashe an daɗe fitsari na kufce wa Baba, ita take wanke wandunan a ɓoye ta shanya a bayan rumbu. Da muka dawo daga Ƙanƙara ta tambaye shi ko ya faɗa wa mai maganin. Ya ce mata, "In hwaɗi wanga abu gaban mijin ɗiyata? Ai gara ƙahwar ta tahi." Matata ta maimaita mini maganar tana kuka. Ba ta zage ni ba, ba ta tuna mini abin da ta ce tun farko ba. Na so a ce ta zage ni.

Na koma wurin mai gyaran da niyyar rigima. Ya saurare ni har na gama. Ya ce da Baba ya amsa ko ɗaya daga tambayoyin nan da e, da bai taɓa shi ba. Ya amsa nasa laifin na danna bayan da bai gani ba, sannan ya tuna mini cewa ya ce in jira a waje. Na juyo gida.

Baba ya sha magani na watanni masu yawa, zazzaɓi ya tafi, ya yi ƙiba, yana iya motsa yatsun ƙafa, amma bai sake tsayawa ba. Ya hana a sayar da shanun. Duk damina nakan bar kasuwa in je Damari in kama garma, ko da yake huɗata karkatacciya ce. Yana son ya ga aikin, hanyar gonar kuma kurar shanu ba ta bi sai an fita bayan gari, don haka ni nake goya shi zuwa can. Mutumin da bai taɓa cire hula a gabana ba, yau hannuwansa ne a wuyana, yana kawar da fuska gefe. Bai taɓa yi mini maganar Ƙanƙara ba. In na sauke shi, abin da yake cewa kawai Allah shi yi albarka, kuma duk lokacin da ya faɗa sai in ji zuciyata ta yi nauyi.

Ba na cewa gyaran baya ƙarya ne. Ni ya rage mini ciwon gajiya, ko da yake rage lodin buhu da na yi daga baya ya fi yi mini amfani. Amma ba kowane ciwon baya ne na gajiya ba. In akwai rama, ko zazzaɓi, ko sagewar ƙafa, ko matsalar fitsari, ku nufi asibiti a ɗauki hoto kafin kowa ya danna. Kada wanda ya ji daɗi ya zama likitan wani, kamar yadda na zama. Sannan 'yan'uwana, in kun kai babba wurin magani, musamman wanda ke jin nauyinku, ku nemo masa ɗan rakiyar da zai iya buɗe baki a gabansa. Ku kuwa ku kai shi bakin ƙofa, ku miƙa masa sandarsa, ku fita waje. Ni kujera na ja na zauna, shi kuma har yau bai tashi ba.